TSAKUWAR MAƘOGWARO DA AIKIN CIRE TANSIL: ABIN DA YA KAMATA A SANI KAFIN A AIKO DA KUƊIN MAGANI



Da kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan wani al'amari na kiwon lafiya, an yi zaton za mu ɗauko zazzaɓin cizon sauro ko hawan jini, tun da su ne suka fi yawo a bakin jama'a. Sai muka zaɓi maƙogwaro. Dalilinmu shi ne, ku da kuke zaune a birane ku ne ake buga wa waya daga gida a ce wane ba shi da lafiya, wuya ne ya matsa masa, a aiko da abin da za a yi magani. Sau da yawa mai aiko da kuɗin shi ne yake yanke inda za a kai maras lafiya, ko ya sani ko bai sani ba, domin in ya ce asibiti, asibiti za a je, in kuwa ya yi shiru, gidan wanzami ya fi kusa. Ga shi kuma kalmar nan ta "ciwon wuya" jaka ce da muke zuba abubuwa iri-iri a cikinta, wasu ba su kai a tayar da hankali a kansu ba, wasu kuwa suna iya ɗauke yaro cikin kwana uku.

Bari mu fara da sanin wurin. Idan mutum ya buɗe baki sosai a gaban madubi, ya haska da fitilar waya, zai ga wata 'yar tsoka tana reto a tsakiya daga saman ganɗa. Wannan shi ne belu, ko beli a bakin mutanen gabas. A gefen dama da gefen hagu kuma, can wajen gindin harshe, akwai wasu dunƙulen tsoka guda biyu masu kama da 'ya'yan dabino. Su ne likitoci suke kira tansil. A bakin jama'armu sunansu bai tsaya wuri ɗaya ba, wani ya ce 'yar wuya, wani ya ce hakin wuya, wani ma ya haɗa su da belun duk ya kira su da suna guda. Saboda gudun ruɗani za mu riƙe sunan da likitoci suke amfani da shi. Aikin tansil gadi ne. Suna cikin rundunar garkuwar jiki, suna tsaye a ƙofar da iska da abinci suke shiga, suna tare ƙwayoyin cuta domin jiki ya san su ya shirya musu. Sun fi aiki da girma a ƙuruciya, daga nan sai su riƙa motsewa yayin da mutum yake manyanta. Akwai kuma 'yar'uwarsu a ɓoye a bayan hanci, wadda madubi ba ya nuna ta, ana ce mata adinoyid.

To, fuskar tansil ba sumul take ba. Tana da ramuka da lunguna, wasu masu zurfi, musamman ga wanda ya sha fama da kumburin wurin a baya, domin kowane kumburi yakan bar tabo ya ƙara faɗin ramin. A cikin waɗannan ramuka ne ɓurɓushin abinci da majina da matattun ƙwayoyin fatar baki suke maƙalewa. Ƙwayoyin cuta na bakteriya su taru a kansu, a hankali sinadarin kalsiyam da ke cikin yawu ya zauna a kai, abin ya dunƙule ya yi tauri. Wannan ita ce tsakuwar maƙogwaro. Launinta fari ne mai ratsin ɗorawa, girmanta daga ƙwayar gero zuwa ƙwayar dawa, jefi-jefi a sami wadda ta kai wake. Wani lokaci mutum yana tari ko atishawa sai ya ji ta faɗo masa a kan harshe. In ya murje ta da yatsa sai ya ji ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma ba kamanceceniya kaɗai ba ce, domin bakteriyar da ke rayuwa a lungun da iska ba ta shiga suna fitar da tururi mai sinadarin farar wuta, irin wanda ke fita daga ƙwan da ya lalace.

Mai wannan lalura yakan ji kamar wani abu ya tsaya masa a wuya, ya yi ta kakari bai fita ba. Yakan ji ɗanɗano maras daɗi a baki, wani lokaci har kunne ya riƙa yi masa zogi alhali kunnen lafiyarsa lau, saboda jijiya ɗaya ce take kai saƙon zafi daga wuraren biyu. Amma duk wannan mai sauƙi ne. Babban nauyin da yake ɗauka shi ne warin baki, da kunyar da ke biye da shi.

A nan muke so mu ɗan daɗe, domin abin da ba a faɗa a fili shi ya fi cin mutane. A al'adarmu ba a gaya wa mutum bakinsa yana wari. Aboki ba ya faɗa, mata ba ta faɗa wa miji, miji ba ya faɗa wa mata, sai dai a riƙa kau da fuska, a riƙa ja da baya a kan tabarma. Shi kuma mai abin yana lura, yana gane abin da ake nufi, sai ya rage magana, ya daina shiga majalisa, in zai yi zance ya sa hannu ko gefen mayafi ya rufe baki. A shekarun da muka yi muna koyarwa mun ga ɗalibai masu kaifin basira waɗanda ba su ɗaga hannu a aji ba don komai ba sai don abokan zama sun laƙaba musu suna. An san kuma a cikin gari akwai neman auren da ya wargaje, akwai zaman auren da ya yi tsami, ba tare da an taɓa ambaton ainihin dalili a gaban waliyyai ba. Daga nan sai zato ya shigo. Wani ya ce ciwon ciki ne, wani ya ce basir ne ya hau sama, wani ya ce sammu aka yi mata don a raba ta da mijinta, a yi ta kashe kuɗi a kan jiƙe-jiƙe da turare. Alhali abin da ke damun baiwar Allah bai wuce ƙwayar gero ba, kuma yana nan inda fitilar waya za ta iya nuna shi.

Saboda haka muna so a riƙe abu uku game da wannan tsakuwa. Ba ciwon daji ba ce, ba a ɗaukar ta daga wani ta hanyar haɗa kwano ko moɗa, kuma ba shaidar ƙazanta ba ce, domin mutum yana iya goge baki sau biyar a yini ya same ta, tun da ginin ramukan nasa ne ya zo da haka. Sai dai kada a ɗora mata laifin kowane warin baki. Mafi yawan warin baki daga dattin bayan harshe yake fitowa, da ciwon dasashi, da kogon haƙori. Wanda yake fama da shi, likitan haƙori ya kamata ya fara gani kafin ya tuhumi tansil ɗinsa.

Zama da ita ba shi da wahala ga yawancin mutane. A narkar da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, a ɗaga kai a kurkure har can maƙogwaro, bayan cin abinci da kuma kafin a kwanta. A goge harshe har bayansa, ba haƙora kaɗai ba, ko da burushi ko da asuwaki. A yawaita shan ruwa, domin busasshen baki shi ne gonar waɗannan ƙwayoyi, kuma mu da muke zaune inda zafin bazara yake haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙura ya toshe hanci har mutum ya kwana yana numfashi ta baki, mun fi kowa bukatar wannan. Mai shan taba ya san abin da ya rage gare shi. Da yawa daga cikin tsakuwoyin da kansu suke faɗowa da kurkura ko tari. Abin da muke roƙo a bari shi ne sakace wurin da tsinken tsintsiya ko ashana ko allurar ɗaurin kallabi. Tansil tsoka ce mai yawan jini, ƙaramin rauni yana iya zama miki, ramin kuma ya ƙara faɗi, gobe ya tara abin da ya fi na jiya. In ta maƙale ta ƙi fita, ma'aikacin asibiti yana iya cire ta cikin 'yan mintoci mutum yana zaune a kujera. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na kemis, wato antibayotik, ba ya narkar da ita. Yakan rage warin na 'yan kwanaki ne kawai, sannan abin ya dawo.

Wannan ke nan game da mai sauƙin. Amma akwai waɗanda suke kama da ita a ido, waɗanda ba a zama da su. Idan yaro ya tashi da zazzaɓi mai zafi, haɗiya tana gagararsa, tansil sun yi jawur da fararen ɗigo a kansu, ga kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi, wannan kumburin tansil ne. Galibinsa ƙwayar bairas ce irin ta mura take kawo shi, ya warke da kansa cikin mako guda. Amma wani kaso daga wata bakteriya ce da ake kira sitrep, wadda in ba a kashe ta da kyau ba, bayan mako biyu ko uku tana iya jawo zazzaɓi mai kumbura gaɓɓai, ya lalata marafan zuciya, mutum ya girma da ciwon zuciya har ƙarshen rayuwarsa. Maganinta fenisilin ne ko danginsa, na kwana 10 cur. Ɗabi'ar nan ta sayen kafso huɗu a kemis, da zarar zazzaɓi ya sauka a daina, ita ce take buɗe wa wannan masifa ƙofa.

Akwai kuma lokacin da mugunya take taruwa a bayan tansil ɗaya, mutum ya kasa buɗe baki, yawu yana dalala, muryarsa ta zama kamar ya cusa dankali mai zafi a baki. Wannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Sai mashaƙo, wanda da yawa daga cikinmu suka ɗauka ya zama tarihi, har ya sake ɓarkewa a Nijeriya a ƙarshen shekarar 2022, ya fi tsanani a Kano, ya kashe yara masu yawa, akasarinsu waɗanda ba a yi wa rigakafi ba. Alamarsa wata fata ce mai launin toka da take shimfiɗuwa a kan tansil da maƙogwaro, in an kankare ta jini ya fito, wuya kuma ya kumbura. Rigakafinsa yana cikin allurar nan da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14 da haihuwa. Ga manya kuwa, musamman dattawa da masu shan taba, idan tansil ɗaya ta fi ɗaya girma a fili, ko aka sami miki da ya wuce mako uku bai warke ba, ko ƙullutu a wuya mai tauri maras zafi, to a je a duba ba tare da jinkiri ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu sai mu zo kan wuƙa, wadda ita ce zuciyar wannan jawabi. Wanzamai mutanenmu ne, sana'arsu gado ce mai daraja, kuma babu gidan da bai ci moriyarsu ba, tun daga askin suna har zuwa ƙaho. Kafin zuwan asibiti su ne likitocin tiyata na ƙasar Hausa, ba a Kabi da Gwandu kaɗai ba, har Katsina da Maraɗi. Ba mu zo nan don mu ci mutuncin kowa ba. Amma gaskiya ɗaya ce. Abin da wanzami yakan yanke idan an kai masa mai ciwon wuya shi ne belu, alhali ciwon ba a belu yake ba. Belun ya kumbura ne don maƙwabtansa sun kumbura, kamar yadda ruwan Gulbin Rima in ya cika yakan shiga fadamar da ke gefensa. An yanke shi, bayan mako guda ciwon ya lafa, kamar yadda zai lafa ko ba a taɓa shi ba, sai a ce aikin ya yi. Ramukan tansil kuwa suna nan, tsakuwa tana nan, wata uku sai abin ya dawo. Shi kuma belun da aka zubar ba banza aka halicce shi ba: yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci yayin haɗiya, yana kuma jiƙa maƙogwaro.

Idan kuwa aka ce za a kankare ko a yanko tansil ɗin kansu a zaure, to haɗarin ya ninka. Jijiyoyin jini da dama ne suke ciyar da su, kuma babbar jijiyar da take kai jini ƙwaƙwalwa tana wucewa a bayansu da tazarar da ba ta wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Jinin da ya ɓalle a can ciki ba a iya ɗaure shi da tsumma, yana kuma iya gangarawa hanyar numfashi. Ku dubi jariri ɗan kwana uku ko bakwai da ake kai wa a cire masa belu ko hakin wuya. Jinin da ke jikinsa gaba ɗaya, in nauyinsa kilo 3 ne, bai cika kwalbar lemo ɗaya ba, kuma a kwanakin farko jinin jariri ba ya saurin daskarewa. Cokali kaɗan ya zuba sai a ga yaro ya yi fari fat. Ga cutar tetanus mai sandarar da jiki, ga ciwon hanta da ƙanjamau waɗanda ƙarfe ɗaya yake iya ɗauka daga wannan baki ya kai wancan.

Wani abin sha'awa shi ne, magabatan likitoci ma sun san wannan tsoro. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan tiyata na Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana yadda ake cire tansil a littafinsa At-Tasrif, har ya zana kayan aikin da ake danne harshe da wanda ake yankewa. Amma ya yi gargaɗi kada a sa ƙarfe a kumburin da yake ja mai kaurin gindi don gudun ɓallewar jini, haka ma wanda ya yi baƙi ya yi tauri. Wato shekara dubu da suka wuce an riga an san cewa ba kowane kumburi ake yanka ba, kuma ba a kowane lokaci ba.

Kada kuma a ɗauka asibitin zamani bai taɓa yin zarin wuƙa ba. A Ingila da Amurka, a farkon rabin ƙarni na 20, cire wa yara tansil ya zama kamar yayi. A shekarar 1938 wani likitan hukumar ilimi ta Ingila mai suna Alison Glover ya nuna cewa yawan yaran makaranta da ake yi wa aikin ya bambanta ƙwarai daga gunduma zuwa gunduma ba tare da bambancin ciwo ba, kuma 'ya'yan masu hali sun fi shan wuƙar. Sai a shekarar 1984 wani bincike da likita Jack Paradise ya jagoranta a birnin Pittsburgh na Amurka ya ba da ma'aunin da har yanzu ake aiki da shi: a yi tunanin cirewa idan kumburin tansil mai zazzaɓi ya kama yaro sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku a jere. Wannan ya nuna amfanin ajiye katin asibiti da rubuta ranakun ciwo, domin likita lissafi zai tambaya, "kullum yana ciwo" ba amsa ba ce.

Dalili na biyu, wanda a yau ya fi kai yara ɗakin tiyata, shi ne toshewar numfashi a barci. Mu malaman makaranta mun san irin wannan yaro. Tun zamanin da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika mana azuzuwa, a kwalejin horon malamai an koya mana duba farce da haƙora da kai a layin safe, to amma maƙogwaro ba ya cikin abin da ake dubawa. Yaro ne da bakinsa yake buɗe kullum, yana magana ta hanci, yana gyangyaɗi tun kafin tara ta yi, ba ya riƙe karatu, jikinsa ba ya ci gaba. A tambayi mahaifiyarsa, za ta ce da dare yana minshari kamar babban mutum, numfashinsa ya ɗauke ya dawo da firgita, wani lokaci har da fitsarin kwance. Ana kiransa daƙiƙi ko malalaci, alhali tansil da adinoyid ne suka cika masa hanyar iska, bai taɓa samun cikakken barci ba. Irin wannan yaro aikin tiyata yakan sauya masa rayuwa. Sauran dalilai su ne tarin mugunya da ya maimaitu, da zargin ciwon daji.

Ita tsakuwa fa? Ita kaɗai ba kasafai take kai mutum ga tiyata ba, kuma a ra'ayinmu daidai ne likita ya ja wa mai nema rai. Amma wanda ya yi shekaru yana kurkura, likitan haƙori ya wanke shi, abin yana dawowa duk mako har ya hana shi sakewa a cikin mutane ko a ɗakin aurensa, yana da haƙƙin ya zauna da likitan kunne da hanci da maƙogwaro su auna. Idan an cire tansil ramukan sun tafi, tsakuwa ba ta da wurin zama. Garkuwar jiki kuma ba ta rushewa, domin akwai sauran masu gadi irinsu a gindin harshe da bangon maƙogwaro da sauran sassan jiki.

Yadda aikin yake shi ne, za a fara auna jini a ga yawansa da yadda yake daskarewa. Wajibi ne a gaya wa likita in akwai sikila, ko in wani a dangi yana da jinin da ba ya tsayawa, ko in ana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Za a hana cin abinci na kimanin awa 6 kafin aiki, kuma wannan doka ba ta da "ɗan kunu kaɗan", domin abin da ke ciki yana iya komawa huhu yayin da mutum yake cikin maganin barci. Ta baki ake yin aikin, ba a tsaga wuya, yawanci bai kai awa ɗaya ba, a ƙone bakin jijiyoyi ko a ɗaure su. Bambancinsa da na zaure ke nan: akwai mai kula da numfashi, akwai haske, akwai abin tsayar da jini, akwai jinin ƙari in an bukata.

Ba za mu ɓoye muku ba, jinyar tana da zafi, kuma ta fi tsanani ga babba a kan yaro. Ana ɗaukar kwana 10 zuwa 14. Zafin yakan ƙaru bayan kwana uku ko huɗu kafin ya fara sauka, ya harba har kunne. Wurin zai yi fari kamar an shafa alli, baki ya yi wari na ɗan lokaci; wannan ɓawon warkewa ne, ba mugunya ba, kada wata goggo ta ce za ta goge shi. A sha maganin zafi a kan lokaci yadda likita ya rubuta. Ba a ba yaro asfirin, ba a kuma ba shi kodin bayan wannan aiki, domin tun shekarar 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi kashedi a kai bayan mutuwar wasu yara da ya danne wa numfashi. A sha ruwa sosai ko da haɗiya tana da zafi. Fura da nono mai sanyi, kunun da ya huce, tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuɓewa ba yaji, duk sun dace, kuma da zarar an iya a koma abincin yau da kullum, domin tauna da haɗiya suna taimakon warkewa. Kilishi da ƙuli-ƙuli da shayi mai tururi su jira.

Babban haɗarin shi ne zubar jini, wanda yake samun 'yan ƙalilan a cikin kowane ɗari, kuma abin lura shi ne ba ranar aiki kaɗai yake zuwa ba. Ya fi zuwa tsakanin kwana na 5 da na 10, lokacin da ɓawon yake faɗuwa, sa'ad da kowa ya saki jiki an ce an warke. Duk jan jini da aka gani a baki, ko yaro yana ta haɗiya a barci ba dalili, ko ya yi aman jini, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take ko da tsakar dare ne, ko da jinin ya tsaya da kansa.

Wannan ne ya sa muke da magana ta musamman da ku mazauna birane. Abin da aka saba shi ne, a ɗauko yaro daga gida a kai shi Kaduna ko Abuja a yi masa aiki, bayan kwana uku a sa shi a mota a mayar da shi, ko kuma ma'aikaci ya yi aikinsa a Legas ya ce zai tafi gida jinya wurin tsohuwa. Niyyar mai kyau ce, amma tana sa kwanakin haɗari su riski maras lafiya a kan hanya, ko a wani ƙauye na fadama bayan Argungu inda da damina sai an shiga kwalekwale kafin a kai ga kwalta. Wanda aka yi wa wannan aiki ya zauna mako biyu cur a inda zai iya isa asibiti mai ɗakin tiyata cikin ƙanƙanin lokaci. In ba za a iya riƙe shi mako biyu a birni ba, gara a nemi yin aikin kusa da gida.

Kuma kusa da gida ba kamar da ba ne. Kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, kusan duk wani babban aiki sai an nufi Sakkwato. Yau mu mutanen Badariya muna da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin Gwamnatin Tarayya a cikin Birnin Kebbi, ga babban asibitin Kalgo a kusa, inda za a fara dubawa a tura mutum gaba in ya kama. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, tafiyar kimanin kilomita 150. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999 domin waɗannan cututtuka. Game da kuɗi, ma'aikatan da ke cikin inshorar lafiya ta tarayya, da 'yan'uwa na gida da suka yi rajista da hukumar KECHEMA ta jiha, su tambayi abin da katinsu ya ɗauka tun kafin a sa ranar aiki.

Muna miƙa wa kwamitin lafiya na ƙungiya buƙatu biyu domin ya duba kafin taron baɗi. Na farko, a gayyato likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ko da na yini ɗaya ne, ya duba ɗaliban makarantun firamare da na Islamiyya na unguwa, malamai su fitar masa da masu gyangyaɗi da masu buɗaɗɗen baki. Na biyu, a nemi izinin iyayenmu sarakuna a zauna da Sarkin Aska da mutanensa tare da ma'aikatan asibiti, a yi magana ta mutunci a kan jarirai da masu ciwon wuya, a kuma ba kowane wanzami lambar wayar ma'aikacin da zai tura wa irin waɗannan in an kawo masa su.